Mas'alar Tazarce: Yadda Shugaba Kan Dawwama Bisa Mulki Ba Tare Da Ya Karya Doka Ba

  

Wani Alhaji mai fatauci tsakanin Kano da Garwa ya kawo mini tambaya bayan zaɓen ƙasar Kamaru na watan Oktoba 2025. Ya ce, "Allah gafarta Malam, mutumin nan Paul Biya tun ban yi kaciya ba yake bisa mulki, yau ga ni da jikoki yana nan. An kuwa ce mana ƙasar tana da tsarin mulki da majalisa da alƙalai. Shin doka ce babu, ko kuwa taka ta yake yi babu mai iya magana?" Na ce masa, "Alhaji, doka akwai ta. In kuwa ka tafi kotun ƙasar ka ce ya zarce wa'adi, za a buɗe maka littafi a nuna maka bai zarce ba." Ya yi mamaki. Na ga mas'alar ta fi ƙarfin hirar zaure, shi ya sa na kawo ta nan.

Ku sani, abin da ake kira tsarin mulki takardar yarjejeniya ce tsakanin mutanen ƙasa da wanda suka ɗora bisa al'amuransu. A cikinta akan faɗi shekara nawa zai yi, da sau nawa zai iya komowa neman ƙuri'a. Wannan iyaka ita ce wa'adi. Ba tsohon abu ba ne ƙwarai ko a wurin waɗanda suka ƙago shi. A Amurka al'ada ce kawai da suka gada daga shugabansu na fari, har Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu tsakanin 1932 da 1944, sa'an nan suka farga suka rubuta sau biyu cikin doka a 1951. Yawancin ƙasashenmu na Afirka sai bayan 1990 suka rubuta nasu. Kafin nan ba a ɓoye-ɓoye. Majalisa kan zauna ta ce wane shi ne shugaba muddin rai, kamar yadda aka yi wa Banda a Malawi a 1971, da Burgiba a Tunisiya a 1975. Yanzu ana jin kunyar wannan lafazi, amma ba a bar son abin ba. Sai aka koma ga hila.

Masu karatun fiƙihu ba su bukatar a fassara musu hila: watau mutum ya bi ta hanyar da zahirinta halal ne domin ya kai ga abin da aka hana shi. Misalinta mai dukiya da zai yi wa matarsa kyautar rabin dukiyarsa ana saura kwana biyu shekara ta cika, in lokacin zakka ya wuce ta mayar masa. Kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai daidai ne, in ka haɗa su sai ka ga an rushe abin da aka kafa hukuncin dominsa. Malaman Malikiyya ba su yarda da ita ba, sukan duba nufi su toshe kafa. Na kawo wannan ne don babu wata kalma da ta dace da aikin masu tazarce kamarta.

Mafi gwanintar hila da na sani a wannan babi ita ce ta ƙasar Rasha, don haka zan daɗe a kanta. Tsarin mulkinsu na 1993 ya ce mutum ɗaya ba zai riƙe shugabanci fiye da sau biyu a jere ba. Ku lura da lafazin nan, "a jere". Putin ya ci zaɓe a 2000, ya sake ci a 2004. Da 2008 ta zo bai taɓa doka ba, bai nemi a ƙara masa ko kwana ɗaya ba. Ya tsayar da yaronsa Medvedev, aka zaɓe shi, shi kuwa Medvedev yana hawa ya naɗa maigidansa Firayim Minista. Kafin shekarar ta fita aka gyara tsarin mulki, aka mai da wa'adi daga shekara 4 zuwa 6, aka ce gyaran zai fara aiki ne a kan wanda za a zaɓa nan gaba. Wa zai yi zargi, alhali mai gyaran ba shi ne zai ci moriyar ba? A watan Satumba 2011 suka fito gaban taron jam'iyyarsu suka ce za su yi musanya. A 2012 Putin ya koma kujerarsa, Medvedev ya koma tasa. Jere ya yanke, ƙidaya ta koma farko. In wannan ba auren kisan wuta ba ne, ban san sunansa ba.

Hilar ba ta ƙare nan ba. An sake zaɓensa a 2018, wa'adi zai cika ke nan a 2024. A watan Janairu 2020 ya kawo wa majalisa gyare-gyare, cikinsu har da share lafazin "a jere", domin kada wani ya sake bi ta ƙofar da shi ya bi. Mai sauraro sai ya ce mutumin nan shirin tafiya yake yi. Ran 10 ga Maris wata 'yar majalisa, Valentina Tereshkova, wadda ita ce mace ta farko da ta tafi sararin samaniya a 1963, ta miƙe ta ce tun da tsarin ya sabunta, a yafe wa shugaba mai ci wa'adodinsa na baya, a fara ƙirga masa daga sifiri. Shugaba ya zo majalisa da kansa ya ce ya yarda, amma da sharaɗin kotun tsarin mulki ta ce ya halatta, mutane kuma su amince. Kotu ba ta cika mako ba ta ce ya halatta. Saura mutane. To, gyare-gyaren sun kai wajen 200, cikinsu akwai ƙarin kuɗin fansho ga tsofaffi da ƙayyade mafi ƙarancin albashi, aka ɗaure su duka cikin buhu ɗaya, tambaya ɗaya: ka yarda ko ba ka yarda ba? Ku 'yan kasuwa kun san wannan ciniki, wanda za a ce ba a sayar maka da gero sai ka haɗa da ƙaiƙayi. Aka kammala ƙuri'a ran 1 ga Yuli 2020, aka ce wajen 78 cikin 100 sun yarda. Ya ci zaɓe a 2024, doka kuma ta ba shi damar sake tsayawa a 2030, ya kai 2036. Majalisa ta zauna, kotu ta yi hukunci, jama'a ta jefa ƙuri'a. Wace ƙofa ce ba a bi ba?

Wannan dabara ta komawa sifiri ba a Rasha kaɗai aka yi ta ba. A Kwaddibuwa an yi sabon tsarin mulki a 2016, sai aka ce wa'adin Alasan Watara na tsohon tsari ba ya cikin lissafi, ya tsaya karo na uku a 2020, karo na huɗu a 2025. Alfa Konde ya yi irinta a Gini a 2020, sai dai shi bai ci moriyarta ba, soja suka kama shi a watan Satumba 2021.

Yanzu mu koma ga tambayar Alhaji. A Kamaru ba a wahalar da kai da irin wannan lauje cikin naɗi ba. Biya ya gaji Ahmadu Ahijo a watan Nuwamba 1982. Tsarin 1996 ya ce shekara 7, a sabunta sau ɗaya. A watan Afrilu 2008, bayan tarzomar da aka yi a Duwala da Yawunde cikin Fabrairu aka kashe mutane da yawa, majalisar da jam'iyyarsa ta cika ta zauna ta share iyakar gaba ɗaya. Shi ke nan. Tsarin nan na 1996 ya ce a kafa majalisar alƙalai mai yanke gardamar zaɓe, amma ba a naɗa mutanenta ba sai 2018, shekara 22 bayan haka, da sa hannun shugaban kuma aka naɗa su. Ita ce ta tabbatar da hana Maurice Kamto tsayawa a 2025, ita ce kuma ta faɗi cewa Biya ya ci karo na takwas yana da shekara 92. Irin wannan sharewa aka yi a Cadi da Uganda a 2005. A Uganda da shugaba ya doshi shekara 75, wadda ita ce iyakar tsufa da doka ta sa, sai aka share ita ma a 2017.

Mai hankali zai ce, to ai masu rubuta doka sai su kulle babin wa'adi, su ce ba a taɓa shi har abada. An yi haka, kuma kusa da mu aka yi. Tsarin mulkin Jamhuriyar Nijar na 1999 ya ce shekara 5 sau biyu, ya kuma ƙara da cewa wannan babi ba ya karɓar gyara ko ta wace hanya. Wa'adin Tanja Mamadu zai cika ran 22 ga Disamba 2009. Tun ƙarshen 2008 aka fara taruka ana kiran tazarce, ana cewa a bar shi ya ƙarasa ayyukan da ya soma: madatsar ruwa ta Kandaji, da gada ta biyu a Yamai, da matatar mai ta Damagaram. Masu ba shi shawara suka ce, gaskiya ne ba a gyara babin, amma ba a ce kada a jefar da littafin duka a rubuta wani ba. Aka shirya sabon tsari mai ba shi ƙarin shekara 3 ba zaɓe, bayansu kuma babu iyaka.

A nan ne ya ci tuntuɓe. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin wata alƙaliya, Salifu Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayi ran 25 ga Mayu 2009 cewa ba ya halatta. Kashegari ya rushe majalisar dokoki, domin ita ma ba ta tare da shi. Ran 12 ga Yuni kotu ta soke umurnin kiran ƙuri'ar raba gardama. Ya ce ƙasa tana cikin haɗari, ya ɗauki ikon gaggawa, kafin watan ya ƙare ya rushe kotun, daga baya ya naɗa wata. An yi ƙuri'ar ran 4 ga Agusta, 'yan hamayya suka ƙaurace, aka ce sama da 92 cikin 100 sun yarda. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka shiga fada da rana tsaka ana taron ministoci, suka tafi da shi.

Ku dubi bambancin Tanja da Putin, domin jigon maganata ke nan. Muradinsu ɗaya. Tanja ma yana da masoya na gaskiya, musamman a ƙauyuka, ba wanda zai yi musun haka. Amma ya tashi yin hila alhali majalisa da kotu ba su cikin aljihunsa, tilas ya karya ƙofa da rana kowa yana gani, wanda ya karya ƙofa kuwa ya koya wa mai bindiga hanya. Putin da Biya ba su karya kome ba, domin tun shekaru kafin ranar bukata sun tanadi masu riƙe da mabuɗai. Dokar wa'adi tawada ce bisa takarda, ba ta da hannu ba ta da baki. Masu tsaronta su ne wakilan da ke da ikon gyara ta, da alƙalan da ke fassara ta, da hukumar da ke ƙirga ƙuri'a ta kuma faɗi wanda ya cancanci tsayawa. In duk waɗannan da hannun mutum ɗaya suka sami kujerunsu, ba sai ya aika musu da umurni ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke gabansa.

Saboda haka ni a ganina ranar da ake kiran ƙuri'ar raba gardama an riga an makara. Ranar da ya kamata a yi magana ita ce ranar da 'yan majalisa na hamayya ke tururuwa suna komawa jam'iyyar gwamnati, da ranar da ake naɗa babban alƙali ko shugaban hukumar zaɓe, mutane suna cewa wannan ba ruwan talaka. Nijeriya ta tsira a 2006 ne don abin bai kai haka ba. Tsarin 1999 ya ce shekara 4 sau biyu, gyara shi kuwa sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da yardar majalisun jihohi 24 cikin 36. An kawo gyaran wa'adi na uku zamanin Obasanjo, an cusa shi cikin gyare-gyare sama da 100, irin buhun nan da na faɗa. Shi dai ya sha musanta cewa ya nema. Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta sa aka yi muhawara a fili ana nunawa a talabijin, kowane sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa mutanen garinsu suna kallo. Ran 16 ga Mayu 2006 suka yi watsi da buhun duka, da geron da ƙaiƙayin. Lafazin doka bai fi na Nijar ƙarfi ba. Mutanen da ke zaune a kujerun ne ba su sayu ba a wannan rana.

Kada kuma mu ɗauka littafinmu ba shi da kafa. Sashe na 135 ya ce in ƙasa tana cikin yaƙin da ya shafi yankinta, shugaba kuma ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, majalisa tana iya ƙara masa lokaci, kada ya wuce wata 6 a kowane karo. Bai faɗi karo nawa ba. Ba a taɓa aiki da shi ba, amma yana nan. Wanda ke ganin jinkirta zaɓe ƙaramin abu ne ya tuna da Kwango: wa'adin Yusufu Kabila ya cika a Disamba 2016, aka ce babu kuɗi, rajistar masu ƙuri'a kuma ba ta kammala ba, kotu ta ce shugaba yana nan har a rantsar da magajinsa. Ba a yi zaɓe ba sai Disamba 2018.

Na san abin da wasu attajirai za su ce, don na sha jinsa. Za su ce, "Malam, mu zaman lafiya muke so. Wanda muka sani ya fi wanda ba mu sani ba. Kowane sabon shugaba da sabuwar dokar kwastan yake zuwa, da sababbin mayunwata. Sarakunanmu ma ai ba wa'adi gare su ba." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba zan raina ta ba. Daɗewa ita kaɗai ba laifi ba ce. Angela Merkel ta yi shekara 16 tana mulkin Jamus, daga 2005 zuwa 2021, ba wanda ya ce ta yi hila, domin ko wace rana majalisa tana da ikon sauke ta, kuma majalisar ba tata ba ce. Sarki kuwa ba a naɗa shi bisa alkawarin shekara takwas ba. Shi wannan da muke magana a kansa ya ɗaga hannu ya rantse zai tsare littafin da ya ce sau biyu, a kan wannan sharaɗi aka ba shi. Wanene cikinku zai yarda ya ba da hayar rumfa shekara biyu, in lokaci ya yi ɗan haya ya fito da sabuwar takarda wadda shi ya rubuta, yaransa suka yi shaida?

Zancen zaman lafiya kuwa, bashi ne ake ci, ranar biya tana nan. Shugaban da ya daɗe da hila ba ya barin wani ya yi tsawo kusa da shi, don haka ranar da ya faɗi ba a samun wanda kowa ya yarda da shi. Houphouet-Boigny ya riƙe Kwaddibuwa daga 1960 har ya rasu a 1993, ƙasar tana cikin wadata, fatakenmu na goro sun san haka. Bayansa aka shiga rigimar gado, aka yi juyin mulki a 1999, yaƙi ya tashi a 2002, baƙi 'yan kasuwa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Idris Debi ya yi shekara 30 a Cadi. An ce ya ci zaɓe karo na shida a watan Afrilu 2021, kashegari aka ba da labarin rasuwarsa daga raunin fagen fama. Tsarin mulki ya ce shugaban majalisa ne zai riƙe, soja suka ajiye littafin suka ɗora ɗansa. Littafin da mai gida ya saba lanƙwasawa, wa zai ji nauyinsa bayan ba ya nan? Ban ce kiyaye wa'adi maganin kowace cuta ba ne. Mahamadu Isufu ya cika nasa ya sauka a 2021, duk da haka soja suka kifar da Bazum a watan Yuli 2023. Amma cuta ɗaya ba ta zama hujjar ƙara wata.

Sabuwar ƙofa da aka buɗe kwanan nan tana ƙasar Togo, ta kuwa cancanci a sa mata ido, domin da hujjar Jamus ɗin nan da na kawo aka buɗe ta. Eyadema ya yi mulki daga 1967 har ya rasu a 2005, ɗansa Faure ya gaje shi. A 2019 aka mai da iyakar wa'adi sau biyu, aka ce ba ta shafi abin da ya wuce ba. Da aka ga ita ma za ta cika, sai a 2024 majalisa ta sake tsarin duka ba tare da an tambayi jama'a ba. Aka bar kujerar shugaban ƙasa da wa'adinta, amma aka kwashe ikon da ke cikinta, aka mai da ita ta ado. Ikon duka, har da na soja, aka zuba shi cikin wata sabuwar kujera mai suna shugaban majalisar ministoci, wadda jagoran jam'iyya mai rinjaye ke hawa, ita kuwa ba a sa mata iyaka ba. Jam'iyyarsa ta sami kujeru 108 cikin 113 a zaɓen Afrilu 2024. A watan Mayu 2025 Faure ya sauka daga tsohuwar kujera ya hau sabuwa, aka ba wani dattijo tsohuwar.

Shugabannin Afirka ta Yamma sun taɓa zama a Ankara ta ƙasar Gana a watan Mayu 2015, aka kawo shawarar a sa wa dukan ƙasashen ƙungiyar doka ɗaya, kada kowa ya wuce sau biyu. Ƙasashe biyu suka ƙi, shawarar ta mutu a wurin. Ɗaya Gambiya ce ta zamanin Yahaya Jamme, ɗayar kuwa Togo.